ZAKKAR SHINKAFARMU: MUDU-MUDU KO JARI?



'Yan uwa, bayan wani karatu da muka yi a wani ƙauye kusa da Lolo, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce: "Malam, shekara 20 ke nan ina karɓar zakka. Babana ma ya karɓa. Yanzu ga ɗana ya fara zuwa layi. Wai haka Allah ya tsara abin?" Wallahi ban ba shi amsa a wurin ba, kunya ce ta kama ni.

Ƙasar Bagudo ba ƙasar yunwa ba ce. Ga kogin Kwara, ga fadama, ga kifi, ga shanun Ka'oje, ga kasuwanci da Benin ta Lolo da Tsamiya. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Nuwamban 2015, wasu sun amfana. Sai aka rufe boda a Agustan 2019, ambaliyar 2020 ta zo ta kwashe gonaki, a 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin ban ruwa ya tashi. Duk wanda ya jingina da gwamnati ko da boda, kun ga yadda aka yi da shi. Yaro ya bar makaranta, ya hau babur da jarkokin fetur cikin dare, uwa ba ta barci sai ya dawo.

To mu fa, me ke hannunmu? Zakka.

Shinkafa tana cikin abin da ake fitar wa zakka idan ta kai nisabi, wato wusiƙi 5, sa'i 300. Wadda ruwan sama ko ambaliyar kogi ta shayar, buhu 1 cikin 10. Ta rani da aka yi wa ban ruwa da inji, buhu 1 cikin 20. Kowa ya ƙirga masu noman buhu 100 zuwa sama a garinsu, zai gane ba ƙaramar dukiya muke magana ba. Wasu ba sa fitarwa, wannan tsakaninsu da Allah, kuma wa'azinsu daban. Yau da masu fitarwa nake. Alhaji, buhu 5 ɗin nan da ka ware, ka zauna ƙofar gida ka raba mudu-mudu ga mutum 200. Zakka ta fita, babu shakka, Allah ya karɓa. Amma kafin Juma'a ta zagayo an cinye, baɗi kuma su ne dai a ƙofarka, har da 'ya'yansu.

Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba talaka abin da zai ishe shi shekara guda, kuma ba su wajabta sai an zagaye dukkan kashi 8 na Suratut Tauba ba. Imamun Nawawi, daga ɓangaren Shafi'iyya, ya tafi kan cewa mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa. Ka ga ke nan ba sabon abu na kawo ba.

Ku duba matan nan masu gumi. Da yawansu marayu suke riƙo, shanshera suke karɓa bashi, su turara, su shanya, a kai inji, riba ta tafi wurin mai bashi. Idan buhu 5 ɗin nan ya shiga hannun mace ɗaya, ya zama mallakinta, ba ma sai an shiga saɓanin mai da zakka kuɗi ba. Shinkafar ita ce jarin.

Kuma mu tambayi 'yan uwanmu Fulani game da habbanaye. Mutum ya rasa garke, sai a ba shi aron saniya, ya sha nono, ta haihu ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. A Sunnah ma akwai aron dabba mai nono, maniha, kuma Annabi (SAW) ya kwaɗaitar a kai. Akuya 10 na sadaka a hannun kwamitin masallaci, suna zagaya gidaje, sun fi shinkafar biki da muke zubarwa.

Na san abin da za a ce: wa za a amince wa? Gaskiya ne, mun ga kwamitin da ya fara da ƙanin liman ya ƙare da surukin mai gari. Shi ya sa nake cewa a rubuta, a karanta lissafin shiga da fita bayan sallar Juma'a, ba tare da an tona asirin wanda ya karɓa ba, kuma a sa mata biyu dattijai a ciki, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kada a tambayi mutum Izala yake ko ɗariƙa. Wanda ke tsallaken boda ma, in maƙwabci ne mabuƙaci, fiƙihu bai san shingen kwastan ba.

Dattijon nan na Lolo masunci ne, jirginsa ne ya ruɓe. Na yi magana da manoma uku a garinsu, biyu sun amince za su haɗa zakkarsu ta wannan kaka su ba shi gaba ɗaya, ya sayar da hannunsa ya sa a sassaƙa masa wani. Na ukun ya ce sai ya yi shawara, don mutanen da ya saba ba wa za su ce ya yi rowa.

Allah ya buɗa masa zuciya, mu ma ya buɗa mana.