Farid Ahmed Ya Yafe, To Sauran Fa?

Ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, wani ɗan Ostireliya ya afka wa masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, yana harbi yana yaɗawa kai tsaye a Facebook. Mutum 51 suka rasu. Cikinsu har da Husna Ahmed, wadda ta fitar da mata da yara daga masallacin Al Noor, sannan ta koma neman mijinta Farid, da yake a keken guragu yake. A nan harsashi ya same ta.

Kwanaki kaɗan da wannan rashi, Farid ya fito ya ce ya yafe wa makashin matarsa. Duniya ta jinjina masa, kuma ya cancanta. Sai dai akwai tambayar da yabon ya danne: yafiyarsa ta rufe maganar?

Ba ta rufe ba. Maharin bai san Husna ba, ba ta ci masa bashi ba, ko sunanta bai taɓa ji ba. Musulma ya gani, baƙuwa ya gani, ya harba. Duk wanda ya tsaya a wurin da irin kamarta, shi ne abin harin. Don haka harsashin ya isa har ga waɗanda bai taɓa jikinsu ba: dattijon da yanzu ke waiwayen ƙofa kafin ya ta da kabbara, da yarinyar da ke shakkar fita da hijabi. Farid ba shi da ikon yafewa a madadinsu.

Malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabe haƙƙin iyalan mamaci da na jama'a. Ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa waliyyan mamaci na iya yafe ƙisasi, amma kisan gilla babu afuwa a cikinsa. Ko wanda aka yafe wa kisan ganganci ma, sai ya sha bulala ɗari da ɗaurin shekara, domin jama'a na da nata kason.

Kotun Niyu Zilan ba da Risala take aiki ba, amma kusan nan ta sauka. A watan Agusta 2020, bayan iyalai sun yi magana gaban maharin, wasu sun yafe wasu sun ƙi, mai shari'a Cameron Mander ya yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba, karo na farko a tarihin ƙasar.