Idan Ɗanka Ya Zo Maka Da Shakka

 

Kwanan baya, bayan sallar La'asar, wani dattijo abokina tun muna makarantar allo ya same ni a zaure nan Kebbe, ransa a ɓace. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan da ka koya wa Larabci ya dawo hutu daga jami'a, ya bar salla. Na ji shi da kunnena yana tambayar ƙanensa, wai in Allah ne ya halicci kome, to, wa ya halicci Allah? Ni dai tsine masa zan yi, in kore shi." Na ce masa, "Haba Alhaji, dakata. Turo mini shi tukuna."

Ya kamata mu sani ilhadi, watau ƙaryata samuwar Mahalicci, tsohon abu ne. Malamai na kiran masu wannan ra'ayi Dahriyya. A cikin Suratul Jasiya, aya ta 24, Allah ya ba da labarin masu cewa rayuwar duniya ita ke nan, zamani kaɗai ke halaka mutane. Alkur'ani ya kawo maganarsu a fili, sa'an nan a Suratuɗ Ɗur, aya ta 35, ya tambaye su ko ba daga kome aka halicce su ba, ko kuwa su ne suka halicci kansu. An ruwaito Imamu Abu Hanifa ya gaya wa irinsu labarin jirgin ruwa da ya haɗa kansa, ya ɗauki kaya, ya ƙetare kogi ba matuƙi. Suka ce hankali ba zai karɓa ba. Ya ce, to, ina ga sammai da ƙasa? Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa da alƙalaminsa cewa shakka ta taɓa kama shi wajen wata biyu kafin Allah ya yaye masa.

A shekarun baya littattafan gurguzu ne ke kawo wa 'yan boko wannan ra'ayi. Yanzu kuwa yana cikin wayar da ke aljihun kowane yaro. Masu karatu za su tuna Mubarak Bala, mutumin Kano, wanda ya bayyana barin addini a 2014. An kama shi a Kaduna a watan Afrilun 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook, Babbar Kotun Jihar Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Akwai darasi a nan ga kowa. Wanda ya bar imani, sa'an nan ya mai da izgili ga Annabin mutane sana'a, lalle fitina yake hurawa, ba shi da hujjar cewa ilmi yake nema. Mu kuma mu lura, kurkuku na iya tsare harshe, amma zuciya ba a ɗaure ta da mari. Ɗaukar doka a hannu kuwa haramun ne, hukunci na alƙali ne. Shi ya sa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan da taron ɗalibai suka yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a watan Mayun 2022.

Saboda haka wajibi ne mu bambance mai izgili da mai tambaya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi cewa Shaiɗan zai zo wa mutum da ainihin tambayar da yaron nan ya yi, ya kuma koyar da neman tsari. Da sahabbai suka kai masa kukan waswasin da ke damunsu, ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu jin nauyin abin alama ce ta imani. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi rubuce-rubuce da yawa yana kwaɓar ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin ilmin tauhidi.

Da yaron ya zo, na ce masa, "Ɗana, a ce ranar kasuwa kowa ya zo ba ko kwabo, wannan na jiran rance daga wancan, wancan na jiran wani, har ba iyaka. Za a sayi ko mudu ɗaya?" Ya ce a'a. Na ce, "To, in ka ga ana ciniki, akwai mai kuɗin da ba aro ya yi ba. Haka samuwa take. Duk abin halitta aron samuwa ya yi, tilas a tuƙe ga wanda samuwarsa tasa ce. Shi ne Allah, kuma wanda bai ara ba, ba a tambayar wa ya ara masa."

Ya yi shiru, sa'an nan ya fito da abin da ke cinsa. Ya ga 'yan bindiga sun kashe manoma a ƙauyukanmu, ya ga masu wa'azi na zagin juna, ya ga mai saje da carbi na cin dukiyar marayu. Na ce masa duniya gidan jarrabawa ce, kuma in babu ranar hisabi, wa zai bi wa manoman nan kadin jininsu? Amma a raina na san sau da yawa halinmu ne ke korar yara tun kafin wani littafi ya kore su.

Har yanzu yaron bai gama warkewa ba, amma uban ya fasa tsinuwa, shi kuma yana zuwa zaure duk ranar Alhamis da tambayoyinsa. Iyaye, kada ku rufe ƙofa, domin wanda aka kora daga gida, waɗanda suka ɓatar da shi su ne za su karɓe shi. Malamai kuma mu koma ga karatun tauhidi da hujjojinsa.

Allah ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, ya shiryi zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.