Abin da Akan Ya Binne a Cikin Alfarwarsa

Ranar Lahadi kowa salihi ne. An yi wanka, an sa tufafin sujada, Zumuntar Mata sun ɗaura zane iri ɗaya, mawaƙa sun tashi, muna ta amsa Amin da ƙarfi. Amma ba a kan bencin majami'a ake gane Kirista ba. Sai dare ya raba, iyali sun yi barci, ya rage daga mutum sai wayarsa. Ko kuwa a ɗakin ƙirga baiko, in abokin ƙirga ya ɗan fita, ya bar ma'aji shi kaɗai da kuɗin Ubangiji.

Duk lokacin da na karanta Joshuwa sura 7, jikina yakan yi sanyi. Akan ɗan Karmi, daga kabilar Yahuza, ba arne ba ne, yana cikin jama'ar da ta ga faɗuwar garun Yariko. Allah ya hana a taɓa ganimar birnin, amma idon Akan ya faɗa kan alkyabba mai kyau ta Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50. Ya kwashe, ya haƙa rami a cikin alfarwarsa, ya binne. Ku duba fa: alkyabbar nan ba zai iya sa ta ya fita ba, azurfar ba ta kasuwa ba ce. Dukiyar da sai dai a kwana a kanta da faɗuwar gaba! Haka zunubin ɓoye yake, daɗinsa kaɗan ne, gadinsa kuwa dare da rana.

Na tabbata Akan ya faɗa wa zuciyarsa abin da mu ma mukan faɗa: ai ba wanda na cuta. Sai ga shi mutum wajen 3,000 sun tafi yaƙi da ƙaramin garin Ai, aka fatattake su, wajen 36 suka mutu. Matansu ba su san komai game da ramin ba, amma su ne suka yi takaba. A ƙarshe ƙuri'a ta faɗo a kan Akan, shi da gidansa suka hallaka a Kwarin Akor. Magidancin da ke share saƙonni kafin ya shiga gida, ko matashin da ya zuba kuɗin makarantarsa a cacar waya, ko 'yar kasuwar da ta lotsa gindin mudunta, kowannensu akwai wanda ke biyan kuɗin asirinsa, ko da bai san yana biya ba. Matar gida takan ji sanyin mijinta tun ba ta gano dalili ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawanmu kunya muke tsoro, ba Allah ba. Ba zunubin ne ke hana mu barci ba, tunanin a ce dattawan ikkilisiya sun ji, a sa mu a horo, a hana mu jibin Ubangiji. Wannan tsoron ne ya kai sarki Dawuda ga rufe zina da jini, har ya ba Uriya Bahitte, mijin matar, takardar mutuwarsa ya kai wa Yowab shugaban yaƙi da hannunsa. Watanni suka shuɗe yana kan gadon sarauta, bakinsa gum, sai da annabi Natan ya tsaya a gabansa. Daga tuban nan ne Zabura 51 ta fito.

A nan ikkilisiya ma tana da nata laifin, kuma dole a faɗa. In ɗan'uwa ya buɗe cikinsa ga wani yau, gobe maganar ta zagaye unguwa da sunan "mu sa shi a addu'a", wa zai ƙara buɗe baki? Yakubu 5:16 ta umarce mu mu furta wa juna laifofinmu. Umarnin nan yana bukatar kunnen da ya iya riƙe amana.

Yusufu ya nuna mana ɗaya hanyar. Bawa ne a Masar, nesa da mahaifinsa, ba mai sa masa ido. Matar maigidansa Fotifar tana matsa masa kowace rana, shi kuwa ko zama kusa da ita ya ƙi. Ranar da gidan ya zama ba kowa, bai tsaya gwada ƙarfinsa ba, ya bar mata rigarsa ya ruga waje. Gaskiyarsa ta kai shi kurkuku, wannan kuma ba abin ɓoyewa ba ne: riƙon gaskiya yakan ci wa mutum abu mai tsada.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kin san inda raminki yake, kai ma ka san naka. Kada ka jira ƙuri'a ta faɗo a kanka kamar Akan. Ka tone shi da hannunka a gaban Almasihu, wanda ya riga ya gan shi. Ka mayar da kuɗin da ba naka ba, ka goge lambar da kake ɓoyewa, ka bar wayar a falo in za ka kwanta. Sa'an nan, kafin Lahadi mai zuwa, ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da ya iya bakinsa, ka gaya masa gaskiya duka.