Hanyar Santiyago: Ko Doguwar Tafiya Tana Kusantar da Mutum ga Allah?

A arewacin ƙasar Sifen akwai wata tsohuwar hanya wadda masu ziyarar ibada suke bi da ƙafa fiye da shekara dubu. Reshenta mafi shahara yana farawa daga wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Firenis, ta ɓangaren Faransa, ya ratsa biranen Famfalona, Burgos da Leyon, ya ƙare a birnin Santiyago de Kwamfostela. Tsawonsa ya kusa kilomita 800, mai ƙarfi kuwa yakan yi kwana 30 zuwa 35 yana tafiya. A shekara ta 2024 kaɗai, kusan mutum 500,000 suka karɓi takardar shaidar isowa a wannan birni. Ganin wannan taro, ya kamata iyalin Kirista su yi wa kansu tambaya: ko wahalar tafiya zuwa wuri mai tsarki tana ƙara wa mutum wani abu a gaban Allah?

Bari mu fara da asalin hanyar. Littafin Ayyukan Manzanni 12:2 ya shaida mana cewa sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, wajen shekara ta 44. A nan Littafi Mai Tsarki ya tsaya. Al'adar mutanen Sifen ce ta ce an kai gawar manzon can, aka kuma gano kabarinsa a ƙarni na 9, a zamanin sarki Alfonso na Biyu. Daga nan mutane suka riƙa kwarara daga ko'ina cikin Turai. Daga baya hanyar ta kusa mutuwa, sai a shekarun 1980 wani firist mai suna Eliyas Baliya ya bi ta yana zana kibau da rawayan fenti a jikin duwatsu da bango, domin baƙo kada ya ɓace. Kibau irin nasa ake bi har yanzu.

Yawancin matafiya da rani suke zuwa, lokacin da rana take da daɗi, gidajen kwana kuma duk a buɗe. Amma akwai waɗanda suke zaɓar watan Maris da farkon Afrilu, sa'ad da hunturun Turai bai gama sauka ba, sau da yawa cikin kwanakin azumin da ke gaban Ista. A lokacin nan hukuma takan rufe hanyar bisa ta kan dutsen Firenis, daga 1 ga Nuwamba har 31 ga Maris, saboda ƙanƙara da hazo sun sha halaka mutane, sai a bi ta kwari. Ruwan sama yakan jiƙa mutum tun da safe, laka ta kama takalmi, iska mai sanyi ta bugi fuska a filin da ke tsakanin Burgos da Leyon, inda ba itacen fakewa. Gidajen kwana da yawa ba su buɗe ba tukuna, saboda haka wanda ya yi niyyar tsayawa a wani ƙauye yakan tarar da ƙofa a kulle, dole ya ƙara kilomita biyar ko goma da kumburarrun ƙafafu.

To, ko wannan wahala tana sayen wani abu a wurin Allah? Amsar Littafi Mai Tsarki a fili take. Bulus ya koya wa Afisawa (2:8-9) cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba. Ubangijinmu kuma, a bakin rijiyar Samariya (Yahaya 4:21-24), ya cire sujada daga hannun dutse ko birni, ya ɗora ta a kan ruhu da gaskiya. Tun a ƙarni na 4 Giregori na Nisa, wanda shi kansa ya je Urushalima, ya gargaɗi masu bi cewa sauya wuri ba ya matso da Allah kusa. A 1520 Martin Luta ya yi faɗa da ziyarce-ziyarcen zamaninsa, domin ya ga magidanta suna barin mata da 'ya'ya cikin rashi, suna kashe abin da ke hannunsu a hanya da sunan ibada. Wanda ya taka kilomita 800 yana tsammani Allah ya ci bashinsa, ya sha wahalar banza.

Duk da haka kada mu yi saurin raina matafiyin. Yusufu da Maryamu sukan hau Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa (Luka 2:41), Zabura 120 zuwa 134 kuwa waƙoƙin masu hawa ne zuwa Haikali. A kan hanyar Imuwasu ne Yesu ya buɗe wa almajirai biyu Littattafai. Tafiya makaranta ce, darussanta kuwa uku ne a bayyane.

Na fari, tana koya wa mutum yawan abin da ba ya bukata. Shawarar da ake ba matafiyi ita ce kada jakarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Kafin mako ya cika, da yawa sukan zubar da littattafai da tufafin da suka ɗauka a gida cewa ba za su iya rayuwa ba tare da su ba. Na biyu, tana karya girman kai. A ɗakin kwana na gama-gari, likita da ɗalibi da tsohon soja gado iri ɗaya suke hawa, wanda ya ba da kansa kyauta yana wanke wa baƙo ƙurjin ƙafa kuwa ba ya tambayar muƙaminsa. Na uku, tana ba da shiru. Mai tafiya a watan Maris yakan yi sa'o'i bai ga kowa ba, a cikin wannan kaɗaici kuwa fushin da ya binne da laifin da ya ƙi furtawa sukan taso. A wani tudu mai tsawon kimanin mita 1,500 akwai gicciyen ƙarfe a kan dogon gungume, inda matafiya suke ajiye dutsen da suka ɗauko daga gida, alamar nawayar da suke so su sauke. Dutsen ba ya gafarta zunubi, amma yana tuna wa mai bi Wanda ya ɗauki nawayar tun tuni.

Haɗarin yana ƙarshen hanya. A Santiyago ana ba da takardar shaida ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 da ƙafa, ko 200 a kan keke, bayan an duba hatiman da aka buga masa a hanya. Ba abin mamaki ba ne da dubbai suke farawa daga garin Sariya, wanda nisansa ya ɗan ɗara kilomita 100 kaɗan. Zuciyar ɗan Adam tana son takarda fiye da tafiya. A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Tun da aka kafa hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista a Nijeriya a 2007, 'yan'uwa da yawa sun je Isra'ila, wasu da kuɗinsu, wasu da kujerar gwamnati. Abu ne mai kyau mutum ya ga Baitalami da Tekun Galili da idonsa. Amma idan abin da ya dawo da shi shi ne haruffan JP a bayan suna, da kujerar gaba a majami'a, da duban ƙasa-ƙasa ga waɗanda ba su je ba, sai ya tuna da gargaɗin Matiyu 6:1 game da adalcin da ake yi domin idon mutane. Haka kuma magidancin da ya ci bashi domin ya tafi, alhali an kori 'ya'yansa daga makaranta saboda kuɗi, maganar Luta tana kansa.

Ma'aunin kowace ziyara shi ne mutumin da ya dawo. Matarsa za ta sani ko ya rage faɗa. Ma'aikatansa za su sani ko ya fara biyansu a kan kari. Ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda gonar gado zai sani ko an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sau da yawa taku ɗari zuwa gidan wanda muka ɓata wa rai ya fi kilomita 800 wuya.

Ƙaunatattu, wanda Allah ya hore wa lafiya da hali ya bi irin wannan hanya, bari ya tafi da tawali'u, bayan ya sauke hakkin gidansa. Gwauruwar da ba ta taɓa ƙetare ƙaramar hukumarsu ba, amma tana taka ƙafa kowace Lahadi zuwa sujada, tana kuma kai wa maƙwabciya marar lafiya kunu, kada ta ga kanta a baya. Ibraniyawa 11:13 ya lissafta dukan masu bangaskiya a matsayin baƙi masu wucewa a duniya. Iyaye su koya wa 'ya'yansu rage kaya, taimakon abokin tafiya, da sa ido ga birnin da Allah ya shirya. Ubangiji ya ba mu ƙarfin tafiya har ƙarshe. Amin.