Shin Ilmi Makami Ne?

Fuƙaha'u, musamman na mazhabar Malikiyya, sun daɗe da tabbatar da ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kanta halal ce, kuma bisa gare ta ne suka hana a sayar da makami lokacin fitina ga wanda ake zaton zai zubar da jini da shi. Da hujja mai kama da wannan, ko da yake ba da sunanta ba, hukumar Amurka ta lissafa ilmin ɓoye saƙo cikin kayan yaƙi, har ta buɗe bincike a kan Phil Zimmermann a 1993 domin manhajarsa ta ɓoye saƙo mai suna PGP ta ƙetare iyaka, ba ta kuwa janye ba sai 1996.

Ni dai a ganina wannan ƙiyasi ne da illarsa ba ta cika ba, domin takobi in ka hana shi ya hanu, amma hisabi, wanda tun ƙarni na 9 Alkindi ya yi risala a Bagadaza kan yadda ake warware rubutun sirri da shi, ba ya zama mallakin wata daula. Hasali ma, a 1995 maɗaba'ar MIT ta buga PGP a matsayin littafi, aka fita da shi ba laifi, alhali haruffan nan da kansu, in suna kan faifai, makami ne a idon dokar wancan lokaci. A wannan shekara ce Tatu Ylönen, bayan an sace kalmomin sirri a jami'arsu da ke Finland, ya rubuta SSH domin mutum ya shiga kwamfuta daga nesa cikin aminci. Da mutanen manhajar OpenBSD suka tashi yin nasu nau'in SSH ɗin, wato OpenSSH, a 1999, daga Kanada suka fitar da shi, inda takunkumin Amurka bai kai ba.

Abin da ya fi nauyi a mizanin amana shi ne rangwamen da aka yi: an yarda kamfanoni su sayar wa baƙi makulli mai rauni, mai biti 40 kacal, su ajiye mai ƙarfi a gida, wato mudu biyu a kasuwa ɗaya. To, da yake kwamfutoci biyu ba sa gaisawa sai sun daidaita kan makullin da dukansu suka sani, sai aka bar mai raunin a cikin manhajoji don kada tsofaffin na'urori su kasa magana da sababbi, ya ci gaba da kwanciya a can bayan an sassauta dokar a 2000. Sai a 2015 masu bincike suka nuna, ta farmakin da aka kira FREAK, cewa ana iya tilasta wa shafin intanet da mai ziyararsa su koma ga wani tsohon makulli mai rauni na wancan zamani a fasa shi, kuma cikin shafukan da abin ya shafa har da na hukumomin Amurka kansu.