Mai keke ya iso, kuɗin marayu fa?

A ce matashi ya tuƙo keke daga Agege har Sabo ta Ibadan, sama da kilomita 100, don tara wa marayu taimako. Ya iso a galabaice, ya sauka gidan abokinsa. To, ya kwanta tukuna, ko ya fara sauke amana?

Hutu dai haƙƙinsa ne, baƙunci ma kwana uku ne. Amma ni a ganina kada kuɗin jama'a su kwana a jakarsa. A ƙirga su gaban shaidu ranar da ya iso, sannan ya miƙe ƙafa. Ba zarginsa ake ba. Kun san zango: in wani abu ya ɓace, mai masaukin nan da ya yanka kaza don zumunci kawai, shi za a fara tambaya.