"Lahiya lau": a wuyan wa lafiyarmu take?

A Dannet inda na tashi, in ka gaida tsoho amsa ɗaya ce: "lahiya lau". Ko tari ya hana shi barci, haka zai ce maka. Karatun ilimin harsuna ya koya mini cewa gaisuwa ba rahoton likita ba ce. Amma tambaya ta tsaya mini a rai: lafiyar nan da muke ambato safe da yamma, a wuyan wa take?

Turawa ma sai da wuya ta sa suka yi wannan tambaya. Da masana'antu suka cika biranen Ingila, ma'aikata sun cunkushe a unguwannin da ba magudanar ruwa. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahoto kan halin da suke ciki, a 1848 aka yi dokar kiwon lafiyar jama'a. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara a Landan har bakin famfo guda. Kwalara tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ta tsayawa a unguwar talaka. Mai kuɗi ya tsorata, hukuma ta motsa.

Ita ma Arlit ma'adini ne ya haife ta. SOMAÏR ta fara haƙar uraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan daga 1978 har aka rufe ta a 2021. An gina gidajen ma'aikata da asibitoci, bukkoki kuma suka tsiro a gefe. A 2003 masanan CRIIRAD na Faransa sun sami gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwa. A 2009 Greenpeace ta ɗebi ruwa, ta ce huɗu cikin samfuri biyar sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

To me ya sa namu motsin ya yi nawa? Kwalara muna da sunanta: amai da gudawa. Wannan kuwa ba wari, ba launi, yana ɗaukar shekaru, sunansa ma sai mun aro daga Faransanci. Abin da baki bai iya faɗa ba, yaya za a kai ƙararsa?

Wani zai ce ai ajali ne. Haka ne, amma makiyayin da ya fi kowa tawakkali yana dabaibaye raƙuminsa. Wani zai ce ma'adinin ya ciyar da dubban gidaje. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai makiyayin da bai taɓa karɓar albashi ba yana shaƙar iska ɗaya da mai albashi, kuma ba wanda ya nemi yardarsa.

Ni a ganina, duk wanda ya ci riba a ƙasa, kamfani ko gwamnati, wajibinsa ne ya auna ruwa da iska, ya faɗi sakamakon da Hausa da Tamajaq, har bayan an rufe rami. Mu ɗalibai kuma, namu aikin shi ne nemo kalmomin. In tsoho ya ce "lahiya lau", mu zauna kusa da shi mu sake tambaya: "Baba, ya tarin?"